Takardar gwaji ta ce "influenzae", surukata ta ce mura ce mu koma gida

Maman Sadik (Kurna): Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah masu sani a taimaka min, kaina ya kulle. Yau kwananmu huɗu a asibiti da Sadik, watansa goma sha huɗu. Da mura abin ya fara, ga kwantsa a ido har sai na sa ruwan ɗumi yake iya buɗewa da safe. Daga nan ya fara jan kunnensa na dama yana kuka duk dare. Mun karɓo magani a kemis, ya sha kwana biyu, jikin ya yi sanyi, na ajiye. Bayan kwana uku na tashi na ga ruwa mai kauri ya ɓata matashi, daga kunnen. Kukan ya ragu, na ce Alhamdulillahi ciwo ya fito. Washegari sai numfashi, yana yi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki. Muna zuwa aka ba mu gado aka sa masa oksijin. Yau aka kawo sakamakon ruwan kunnen, an rubuta Haemophilus influenzae, kuma suka canza masa allura. Surukata ta sa ƙanin mijina ya duba a waya, ya ce infuluwenza mura ce. Yanzu ta kafe wai a kan mura ake ta cin kuɗinmu. Shi kuma Baban Sadik cewa yake yi ina amfanin rigakafin da na dinga jigilar kai shi. Ni ce a tsakiya.

Ummu Khairat: Wa alaikumus salam. Sannu Maman Sadik, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Hajiya Babba: Allah ya yaye. Amma 'yata, an cire masa beli kuwa? Mu a da yaro in yana yawan mura da tari haka, wanzami ake kira.

Anti Sista: Hajiya, Allah ya ƙara girma, a bar maganar beli tukuna, zan dawo kanta. Maman Sadik, abu na farko: kar ki sa hannu a takardar fita. Yaron da ƙirjinsa yake lotsawa har aka sa masa oksijin, limoniya ce mai tsanani, ba mura ba. Kuma sunan nan yaudara ne, ba ke kaɗai ya ruɗa ba. @Malam Na Lab zo ka yi bayani, wannan gonarka ce.

Malam Na Lab: To Anti. Maman Sadik ya mai jiki?

Ki faɗa wa Hajiyarku ƙanin mijinki bai yi ƙarya ba, amma rabin sunan ya karanta. Kuskuren ma ya girmi kakanninmu. A 1892 wani likita Bajamushe, Richard Pfeiffer, ya ga wannan ƙwayar a majinar masu fama da annobar murar da ta game duniya a lokacin, sai ya ce ga mai laifi. Aka yi shekara arba'in ana kan haka. Sai a 1933 a Landan aka gano ainihin abin da yake kawo infuluwenza bairos ne, ita wannan bakteriya ce da take bin bayan mura ta shiga inda mura ta buɗe mata ƙofa. Aka gane gaskiya, amma suna ya riga ya bi ta. Bambancin kuma babba ne: bairos ɗin mura antibayotik ba ya yi masa komai, ita kuwa wannan da antibayotik ake kashe ta.

Rabin farko na sunan ma'anarsa "mai son jini". Ba wai tana shan jinin yaro ba ne, kafin wani ya kai labari gida. A ɗakin gwaji ne ba ta tsira sai an ba ta wasu sinadarai biyu da suke cikin jini. Shi ya sa muke ɗumama jinin har ya koma ruwan ƙasa kamar cakulan, mu shuka ta a kai, mu sa farantin a cikin gwangwani da kyandir a kunne mu rufe, don tana son iskar da kyandir ya bari. Ga ta da raki, in samfur ya daɗe a hanya ko aka jefa shi a firji sai ta mutu. Saboda haka ni da na ji an kama ta a ruwan kunnen Sadik, bayan ya sha magani a gida, na ce wanda ya yi aikin nan ya iya. Sau da yawa yaro ya riga ya sha sirof kala biyu kafin ya zo, mu shuka, faranti ya kwana biyu babu komai, iyaye su ce an cuce su kuɗin gwaji.

Baban Walid (Ɗorayi): Duk wannan tarihi ne. Tambayar mijinta ita ce tambaya, kuma ba wanda ya amsa. An ce a kai yaro rigakafi, ta kai. An ce a cikin allurar akwai ta wannan ƙwayar, ko ba haka ba? Na sha jin ana faɗa a rediyo. To ga shi ta kama shi. Ko dai allurar ba ta aiki, ko ruwa ake ɗura wa yaran mutane. Ɗaya daga ciki.

Anti Sista: Akwai na uku, Baban Walid. Maman Sadik, katinsa yana hannunki? Duba inda aka rubuta Penta, ita ce allurar da yake nufi, mai rigakafin cututtuka biyar, layi uku ne.

Maman Sadik (Kurna): Yana jakata. Duka ukun an cike, sati shida, sati goma, sati goma sha huɗu. Ta ukun mun ɗan makara da sati biyu saboda na je Gaya biki.

Anti Sista: Makarar sati biyu ba komai ba ce, tunda an yi. To ku saurara. Ita ƙwayar nan gida biyu ce. Akwai masu riga, wato wani ɓawo mai santsi da yake lulluɓe su, sojojin jikin ƙaramin yaro ba sa iya riƙe su. Su kala shida ne, an sa musu a, b, c, d, e, f. Mugun cikinsu shi ne b, shi ake ce wa Hib. Shi ne yake ratsawa cikin jini ya hau ƙwaƙwalwa ya zama sanƙarau, ya bar yaro kurma ko da farfaɗiya in ya rayu, ko ya kumbura murfin maƙogwaro yaro ya shaƙe. Allurar Penta da rigar b ɗin nan aka haɗa ta, ita take koya wa jiki ya gane.

Sai gida na biyu, marasa riga. Waɗannan suna zaune a hanci da maƙogwaron yara masu lafiya da yawa, har da naka Walid ɗin wataƙila, ba sa yin komai. Sai mura ta zo, ko ƙurar hunturu ta ƙwarzane hanci, su samu hanya su gangara kunne, ko ido, ko ƙirji. Allurar ba ta san su ba, don babu rigar da za ta gane su da ita. Yaron da ya cika Penta uku ya zo da kwantsa da ciwon kunne tare, kusan kullum marasa rigar ne. Mu a ɗakin yara in muka ga ido da kunne sun haɗu, ita muke fara zargi tun kafin sakamako ya fito.

Baban Walid (Ɗorayi): Wato an yi maganin ɓarawo ɗaya an bar ƙannensa suna yawo.

Anti Sista: An yi maganin ɗan fashi mai bindiga, an bar 'yan sane. Ɗan sane ma yana iya kwantar da mutum, ga Sadik a gado. Amma tambayi duk wanda ya yi aiki a ɗakin yara kafin 2012, shekarar da aka fara Penta a Najeriya, ya ba ka labarin jariran da ake kawowa wuya a sanƙare, maɗiga ta kumbura.

Malam Na Lab: Ƙari a kan na Anti: yawancin ɗakunan gwajinmu suna tsayawa ne a sunan ƙwaya da magungunan da suke kashe ta. Tantance b ce ko mara riga wani gwaji ne daban mai tsada. Shi ya sa takardarki ba ta faɗa ba. Wata Ba'amurkiya, Margaret Pittman, ita ta rarrabe kalolin nan shida tun 1931.

Kuma Baban Walid, ba a ƙasar Turawa kaɗai aka ga aikin allurar ba. A Gambiya aka yi babban gwajinta tsakanin 1993 da 1995, suka sa ta cikin rigakafin yaransu a 1997, cikin 'yan shekaru sanƙarau na Hib ya kusa ɓacewa a can. A duniya gaba ɗaya, ƙiyasin shekarar 2000 ya nuna Hib ta kashe yara kusan 371,000. Zuwa 2015 ƙiyasin ya sauko ƙasa da 30,000. Abin kunyar, Najeriya tana cikin ƙasashe kaɗan da ragowar mace-macen suka taru a cikinsu, saboda yaranmu da yawa ana musu ta farko a daina.

Baban Walid (Ɗorayi): Malam, ni ɗan Kano ne. Kar a kawo min lissafin Turawa kamar ban san 1996 ba. Lokacin annobar sanƙarau aka zo Asibitin Zana aka yi gwajin Trovan, maganin kamfanin Pfizer, da yara kusan ɗari biyu, wasu suka mutu, wasu suka nakasa. Sai da aka kai Pfizer kotu. Wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ummu Khairat: Nan kam yana da gaskiya. Mamanmu har yau in an ce allura sai ta kawo zancen nan.

Anti Sista: Ban musa ba, kuma ba zan taɓa ce wa ɗan Kano ya manta 1996 ba. An yi abin, kuma shi ya share fagen ƙin allurar shan-inna a 2003. Amma a bambanta: Trovan sabon magani ne da ake gwadawa a kan marasa lafiya. Penta allura ce da ƙasashe da yawa suka yi shekaru suna yi wa 'ya'yansu kafin ta iso mana. Kuma mun ga kuɗin da muka biya na gudunta kwanan nan. Mashaƙon da ya ɓarke daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, ina ya fi yin ɓarna a duk Najeriya? Kano. Rigakafin mashaƙo a cikin Penta ɗin nan yake, tare da na tarin shiƙa, da sarƙe-haƙora, da ciwon hanta, da Hib. Yawancin yaran da aka kwantar ba su cika allurarsu ba. Na yi dare a wannan aikin, ba a rediyo na ji ba.

Baban Walid (Ɗorayi): Na ji na mashaƙo. Unguwarmu ma an yi rashi. Amma har yanzu ina ganin ya kamata tun a wajen allurar a faɗa wa uwa cewa ba duka take karewa ba. Da an faɗa, da mijin baiwar Allah nan bai ji an yaudare shi ba.

Anti Sista: Wannan na karɓa. Laifinmu ne. Layi ya kai bakin ƙofa, ma'aikaciya ɗaya, sai "kawo cinya, sai wata mai zuwa".

Admin: Jama'a a riƙa tunawa mai tambaya tana gefen gadon ɗanta. A taƙaita siyasa.

Maman Sadik (Kurna): Na gode wallahi, na karanta wa Babansa, ya yi shiru. To me ya sa suka canza allurar? A takardar akwai jerin magunguna, wasu an sa R wasu S. Jikina ya ba ni ko ta farkon ba daidai suka ba shi ba.

Malam Na Lab: S na nufin maganin yana kashe ta, R na nufin ta fi ƙarfinsa. Duba ampisilin, me aka sa? Da Septrin.

Maman Sadik (Kurna): Duka biyun R. Kuma Septrin ɗin ne na fara ba shi a gida, sannan amoksisilin.

Malam Na Lab: To kin ga amsar. Ba kuskure suka yi ba. Ranar da kuka zo ba wanda ya san wace ƙwaya ce, shuka tana ɗaukar kwana biyu zuwa uku, ba za a zuba wa yaro ido ba, sai a fara da wanda ya saba aiki a kan limoniyar yara. Da sakamako ya nuna ta fi ƙarfinsa sai a sauya. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan suna fitar da wani sinadari da yake datse ampisilin da amoksisilin kamar almakashi kafin su taɓa su. Tun farkon shekarun 1970 aka fara ganin haka. Shi ya sa ake komawa Augmentin, wanda aka haɗa da abin da yake toshe almakashin, ko allurar seftiriyazon in yaro yana kwance.

Abin da yake ƙara yawan masu almakashin nan kuwa, sai dai a yi haƙuri da ni: sirof na kwana biyu a ajiye. Raunanan su mutu, masu taurin kai su samu fili su hayayyafa, su koma hancin ƙaninsa da 'yan ajinsu na Islamiyya.

Mai Kemis (Rijiyar Lemo): Na san za a zo kaina. Kullum mu ne. Malam, uwa ta zo ƙarfe goma na dare da yaro jiki kamar garwashi, kuɗin hannunta bai kai na kati da adaidaita ba. In ce mata me? In na ce ta tafi asibiti, shagon gaba za ta shiga. Kuma ni ina faɗa musu a shanye kwalbar, su ne ba sa yi. Wata ma rabin kwalba take ajiyewa a kan firji wai na gaba.

Maman Sadik (Kurna): Gaskiya ya faɗa min in ba shi kwana biyar. Ni na tsaya da na ga ya warware.

Mai Kemis (Rijiyar Lemo): Kun ji ko.

Anti Sista: Mun ji, Alhaji, amma kai ma ga naka. Ka ƙirga numfashin yaron kafin ka miƙa kwalba? Agogon wayarka ya isa. Yaro yana kwance shiru, a ɗaga riga, a ƙirga minti ɗaya cur. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye. Wata biyu zuwa goma sha ɗaya, 50 ko fiye. Shekara ɗaya zuwa biyar, 40 ko fiye. In ya kai haka limoniya ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. In kuma ƙasan ƙirji yana lotsawa, ko ya kasa kama nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko jijjiga, wannan ba na shagonka ba ne ko nawa ne a hannun uwar. Sannan Ampiclox ɗin da ake ɗiga wa jarirai ranar suna wai na wankin ciki, don Allah ku daina sayarwa.

Mai Kemis (Rijiyar Lemo): Na kwafi lambobin, zan manna a bango. Na Ampiclox kuma ki yi da kakanni, su suke aiko a sayo.

Hajiya Babba: To ga kaka nan tana ji. Ni dai ba a amsa min maganar beli ba. Mu goma mahaifiyarmu ta haifa, duk an cire mana, ga mu nan.

Dakta (kunne, hanci da maƙogwaro): Salamu alaikum. Hajiya ina wuni, a gafarce ni yanzu na fito daga tiyata, na bi bayanan sama. Beli ba shi yake kawo mura ko ciwon kunne ba, Hajiya. Kowa da shi aka halicce shi. Waɗanda aka cire wa suka zauna lafiya su ne suke ba da labari. Mu kuma waɗanda jini ya ƙi tsayawa ake kawo mana, da waɗanda wajen ya ruɓe, da masu sarƙe-haƙora daga aska.

Tunda an zo maƙogwaro, akwai wanda nake so kowa ya riƙe, don shi ba ya ba da lokaci. Hib tana kumbura ɗan murfin da yake rufe hanyar iska in mutum zai haɗiya. Yaro ɗan shekara biyu zuwa shida, da safe lafiya, kafin la'asar zazzaɓi mai zafi, ya kasa haɗiyar ko yawunsa yana dalala, murya ta dushe, ya zauna ya miƙa wuya gaba ya ƙi kwanciya, numfashi yana ƙara in zai ja. Kar a kwantar da shi. Kar a sa cokali ko yatsa a danne harshe wai a leƙa. Kar a ɗura masa komai. Wannan leƙen kaɗai yana iya rufe hanyar gaba ɗaya. A bar shi a zaune a cinyar uwarsa yadda ya zaɓa, a nufi babban asibiti, Malam Aminu Kano ko Murtala ko wanda ya fi kusa mai ɗakin tiyata. Irin wannan yaron ne mutane suke cewa hakin wuya su kira wanzami. Allurar Penta ta sa ya yi ƙaranci sosai, amma ga yaron da ba a yi wa ba, yana nan.

Hajiya Babba: Innalillahi. Ɗan yayata haka ya yi, shekara ta fi talatin. Aka ce iska ce. Kafin magariba ya cika.

Ummu Khairat: Allah ya jiƙansa Hajiya, ya sa mai ceto ne.

Dakta (kunne, hanci da maƙogwaro): Amin. Allah ya ba da haƙuri.

Maman Sadik, na dawo kanki. Kin ce da ruwa ya fito kuka ya ragu kika ɗauka sauƙi ne. Abin da ya faru, akwai wata 'yar hanya daga bayan hanci zuwa cikin kunne. A babba doguwa ce kuma a karkace take, a yaro gajeriya ce a kwance, shi ya sa majina take saurin hawa. Mura ta toshe ta, ƙwaya ta taru a bayan dodon kunne, mugunya ta cika wajen tana tura shi, wannan ne kukan dare. Da dodon ya fashe sai matsin ya sauka, zafi ya ragu. Ciwon yana nan, ƙofa kawai ya samu.

Labari mai daɗi, a yara irinsa hujin yakan haɗe da kansa cikin 'yan makonni in an bar shi a bushe. Abin da yake hana shi haɗewa shi ne abin da ake zubawa. Na ciro abubuwa daga kunnen yaran Kano da in na lissafa za a ce ƙari nake: man zaitun, man habbatus sauda, ruwan nono, ruwan albasa, turare, har toka. Man habba ina girmama shi, amma ba a ce a zuba shi ta hujin dodon kunne ba. Ki naɗe ƙyalle mai tsabta mai shan ruwa kamar lagwani, ki sa a bakin kunnen ya tsotse, ki canza har ya fito a bushe, sau uku a rana. Ban da tsinken auduga, ban da gashin kaza. Wajen wanka ki kare kunnen. Maganin ɗigawa sai wanda likitanku ya rubuta, don wasu ba a sa su a kunne mai huji.

In ruwan ya wuce sati biyu yana zuba, ku dawo, ya fara zama na dindindin, kuma a lokacin wasu ƙwayoyin ne daban suke shiga. In bayan kunnen ya kumbura yana zafi har ya turo kunnen gaba, a ranar za ku zo, ƙashi ya kamu.

Maman Sadik (Kurna): Dakta na gode. Gaskiya surukata ta ɗiga masa man zaitun sau biyu kafin mu zo. Zai kurmance ne? Wannan ne yake hana ni barci.

Dakta (kunne, hanci da maƙogwaro): Sau biyu ba zai kurmantar da shi ba, a dai tsaya haka. Jinsa zai iya raguwa na ɗan lokaci, don ruwa yakan zauna a bayan dodon har wata biyu ko uku bayan ciwon ya tafi. Kurumtar da ba ta warkewa ta sanƙarau ce, shi kuma ba shi yake da shi ba. Amma yana shekarun koyon magana, saboda haka kar a yi sakaci. Bayan sallama ku je asibitin kunne a leƙa dodon, in an kai wata uku kina kiran sa ta baya ba ya juyowa, ko 'yan kalmomin da ya fara sun tsaya, a yi masa gwajin ji.

Maman 'Yan Biyu (Sheka): Ni tambayata, ana ɗauka? Yarana suna wasa da 'yar maƙociya mai irin wannan ruwan kunnen. Kuma ɗaya daga cikinsu sikila ce.

Anti Sista: Ta tari da atishawa da majina take yawo, ba ta ruwan kunnen ba sosai. Ba za ki iya raba yara da yara ba a gidan haya. Amma mai sikilar ki kula da ita daban: saifarsu ba ta aiki yadda ya kamata, kuma saifa ce take tace ƙwayoyi masu rigar nan daga jini. Ki tabbatar ta cika Penta da allurar limoniya ta PCV, kuma zazzaɓi a wajenta ba na kemis ba ne ko sau ɗaya. Haka yaro mai tamowa, da wanda bai daɗe da tashi daga ƙyanda ba.

Sauran kuma abin da muka sani ne muke yi. Ɗaki a rufe saboda sanyi, ga gawayi, ga maganin sauro na kunnawa, ga turaren wuta an turara har ba a ganin juna, ga jariri a ciki. Uba yana busa sigari a ɗaki. Ba wa yaro fida yana kwance a rigingine. Duk suna taimakon ciwon kunne da ƙirji. Nonon uwa zalla wata shida yana ragewa.

Ummu Khairat: Anti kin taɓo turaren wuta, yanzu za a watse a bar ki ke kaɗai.

Anti Sista: Ni ma ina da kasko, 'yar uwa. A fitar da yaro, a turara, a buɗe taga, sannan a dawo da shi.

Baban Walid (Ɗorayi): Tambaya ɗaya, ba gardama ba. Ƙaramin ɗana watansa tara, ta farko kawai aka yi masa, uwar ta ce ya yi zazzaɓi cinyar ta kumbura, na ce a bari. Sai an sake daga farko?

Anti Sista: A'a, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ta biyu yanzu, ta uku bayan sati huɗu, kuma ga ta ƙyanda ta wata tara ta iso, a haɗa. Kyauta ne a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, ku tafi da katin. Zazzaɓin kwana ɗaya ko biyu da ɗan kumburi an saba gani, farasitamol ya isa.

Baban Walid (Ɗorayi): Zan duba.

Malam Na Lab: "Zan duba" na mutumin Ɗorayi. Anti ki sa masa ido.

Maman Sadik (Kurna): Salam 'yan zaure, na dawo da bayani. Jiya da daddare aka cire oksijin, yau ya sha kunu ya kama nono sosai. Na ƙirga numfashinsa da kaina yana barci, 34. Likita ta ce in ya kwana biyu babu zazzaɓi za a mayar da shi na sha mu tafi gida, kuma ta ce sai na kawo mata kwalbar babu komai a ciki ranar dawowa. Kunnen ya ragu amma bai tsaya ba, ina ta lagwanin Dakta. Surukata ta zo da safe da kwalbar man zaitun a jaka, Baban Sadik ne da kansa ya karɓe ya ce a shafa masa a ƙafa.

Hajiya Babba: Alhamdulillahi. A gaishe da Hajiyar, a bi ta a hankali.

Maman 'Yan Biyu (Sheka): Anti Sista na duba katin Hassana, layin PCV na uku babu komai. Shekararta biyu da wata ɗaya. Za su karɓe ta kuwa, ko ta wuce?

Anti Sista: Kai ta asibitin da take zuwa na sikila ranar asibitinsu, ki nuna wa likitanta katin, su za su tsara mata. Ki ɗauko na Usaina ma a duba.